Ranar da Na Naɗe Tabarmar Hajja Kaltume

Abu biyu nake fatan a ce ban yi su ba a rayuwata. Na farko, ranar da Alhaji Idi ya fara kirana Injiniya, shekara talatin da wani abu ke nan, ban buɗe baki na ce masa ni mai riƙe tsani ne ba. Na biyu, na ɗaga tsohuwa mai jikoki da tattaɓa-kunne daga kan tabarmarta a Injamena da sunan gyaran intanet. Na biyun ɗan na farkon ne.

Tun da na dawo, 'yan majalisarmu ta ƙofar masallaci ba su bar ni na sha shayi a natse ba. Wannan ya ce, "Injiniya, yaya Chadi?" Wancan ya ce, "An ce ka gyara abin da ya gagari Turawa." Na gaji da cewa sai godiya. Ga labarin a rubuce, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Bari in fara da sunan. A zamanin wayar tarho ta gida na yi aiki a ma'aikatar waya. Karatuna firamare ne, aikina kuwa ɗaukar naɗin waya, miƙa filaya, da riƙe wa ogana tsani. Wata rana aka tura mu sa waya a wani masaukin fatake a Fagge. Oga yana can saman falwaya yana haɗawa, ni ina ciki. Na ɗaga kan wayar na ji ta kawo, na ce, "Halo." Wani saurayi da ya kawo shanu daga Chadi ya dafe kai ya ce, "Kai! Injiniya!" Idi ke nan. Ni kuwa na yi murmushi. Daga murmushin nan sunan ya bi ni unguwa, ya bi ni gida, har matata, Allah Ya jiƙanta, da shi ta riƙa kirana, ko da yake ita a bakinta wani irin sauti yake fitowa.

To bana sai ga wayar Idi. Yanzu Alhaji ne babba, mai sayar da nama da ɗakin sanyi na kansa. Ya ce, "Sale, wata na'ura ta gagari yaran zamani. Sai kai."

Ina da ciwon gwiwa na gaske da zan iya fakewa da shi. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ƙaramin abu ne."

Na hau bas daga Kano zuwa Maiduguri da jakata da tabarmata, don bayana ba ya shiri da katifa. Aka haɗa ni kujera da wata 'yar kasuwa mai sayar da turaren wuta, Ya Falmata. Ita ma Injamena ta nufa, kuma hanyar ta san ta kamar tsakar gidanta. Tun kafin Wudil ta san sunana da na 'ya'yana da abin da ya kashe matata. Da ta ji sana'ata sai ta miƙo min wayarta.

"Baba Injiniya, kwana uku ba ta ƙara. Mijina na cewa da gangan nake ƙin ɗauka."

Na juya wayar, na danna wani abu a gefe ba tare da na san mene ne ba. Sai ga kira ya shigo da ƙara kamar jiniya. Ta miƙe a cikin mota ta sanar da jama'a. Kafin mu kai Potiskum wayoyi shida ne a cinyata. Duk wanda na kasa sai in ɗaga wayarsa sama, in girgiza kai, in ce, "Matsalar sabis ce." Wannan kalma ta daɗe tana rufa min asiri, ban taɓa jin wanda ya musa ta ba.

A Maiduguri muka kwana a wani masauki kusa da tasha, inda sauro ya fi mai masaukin kula da baƙi. Da safe muka jira rakiyar sojoji har rana ta take, sannan aka saki motoci a jere zuwa Gamboru. Hanyar ba zan ce komai a kanta ba, gwiwata ce ke da bayani. A wasu shingayen kowa zai sauka ya taka da ƙafa. A irin wannan sauka ne na bar katina na allurar rigakafi a kan kujera, wani ɗan akuya da aka ɗaure a ƙarƙashi ya ci masa kusurwa, daidai inda hatimi yake.

Muka tsallaka Fotokol, ƙasar Kamaru. Jandarma ya ɗaga katin yana kallon gurbin haƙoran akuya, ya kalle ni, ya yi tambaya da Faransanci. Ya Falmata ta riga ni amsawa.

"Sana'arka yake tambaya. Injiniya ne! Babba!"

Nan take fuskar mutumin ta sauya. Ya ja ni cikin ofis ya nuna min wata fanka da ta mutu. Na yi bismillah a zuci na kai mata mari a ƙeya. Wallahi sai ta tashi. Ya buga min hatimi har da sara min. A lokacin na ɗauka Allah ne Yake rufa min asiri. Yanzu na gane igiya ake ƙara sakar min.

A teburin kwastan kuma wani ya zazzage kayana yana rubutawa. Da ya zo kan tabarmata ya taɓa ta da biro ya ce, "Nat."

Na ce, "Me ya ce?"

Ya Falmata ta ce, "Tabarma ke nan da Faransanci."

Na ji daɗi ƙwarai. Daga nan har Kusiri ina maimaitawa, nat, nat. Ita ce kalmar Faransanci ta uku da na mallaka, bayan "wi" da "marsi". Ku riƙe ta, za ta dawo.

Daga Kusiri gada ce kawai tsakaninka da Injamena. Babura, waɗanda su suke kira kilando, da masu kura da masu tafiya a ƙafa duk a cakuɗe, kowa na sauri kafin a rufe iyaka da yamma. Wani ɗan kilando ya goge min babbar riga da buhun albasa, ya waiwayo ya zage ni da Larabci. A nan na fara gane cewa a garin nan Larabci ba na wa'azi ba ne kawai, har cinikin tumatir da zagin uwa da shi ake yi. Muka yi sallama da Ya Falmata, ta cusa min turare a aljihu ta ce in dai za ta sake aure injiniya za ta nema.

Wadda ta zo tarbata mace ce mai kimanin shekara talatin, cikin lafaya ruwan toka, ita ke tuƙa a-kori-kurar Alhaji da kanta. Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce sunanta Halima, 'yar ƙanin Alhaji ce da ya rasu. Ta karanta kwamfuta, kuma ita ke riƙe da ofishin shekara uku. Hausarta tsab, sai dai jefi-jefi Larabci ya faɗo ciki.

A hanya ta ce, "Baba, wane irin rauta ka fi sabawa da shi?"

Ban san mene ne rauta ba. Na ce, "Duk ɗaya ne, 'yata. Sunaye ne kawai suke canzawa."

Ta ce, "To," ta ci gaba da kallon titi.

Gidan Alhaji a Marjandafak yake, tsohuwar unguwar 'yan kasuwa kusa da babbar kasuwa. Idi ya yi ƙiba, gemu ya yi fari, amma muryar tana nan kamar mai kiran shanu. Ya rungume ni ya tara maƙwabta yana nuna ni. Gaisuwarsu "afe, afe", wato lafiya, kuma ba ta ƙarewa sai wani ya gaji. Aka kawo kisar, wani abu kamar sinasir da ya yi jinya ya rame, da miyar kuɓewa, da gasasshen naman raƙumi wanda ya kusa tafiya da haƙorina na ƙarshe na gefen dama. Zoɓo su karkanji suke ce masa. Shayinsu kuwa sukari ne da aka ɗiga wa ruwa don kunya.

Bayan mun ci Alhaji ya ce, "Ka je ka watsa ruwa, za a kawo maka sharmut ɗaki."

Ni na taɓa zuwa Makka, na ji wata kalma mai kama da wannan a bakin direbobi in suna faɗa, kuma ba sunan abinci ba ce, macen banza ake nufi da ita. Na ce, "A'uzubillahi! Idi, a waɗannan shekarun namu?"

Ya yi dariya har rawaninsa ya warware. Ashe busasshen nama ne, tsarabar baƙo.

Washegari, Litinin, muka tafi Guji, inda ɗakin sanyin yake da ofis. Ma'aikata suka jeru suna gaishe ni, "Mushe Injiniya, Mushe Injiniya." Na ja Alhaji gefe na ce wane irin gidan nama ne ake ambaton mushe da sassafe? Ya ce girmamawa ce ta Faransanci, kamar a ce malam. Na ce to a riƙa faɗa a hankali kada masu saye su ji.

Ofishin ɗaki ɗaya ne. Tebur da kwamfuta, kanta a bango, a kan kantar wani baƙin akwati mai ƙyafta fitilu. Shi ne rautan, na'urar da ke raba wa gidan intanet. A ƙarƙashin kantar kuma, a kan wata tabarmar roba mai kore da ja, wata tsohuwa ce zaune da carbi da butar shayi. Hajja Kaltume, yayar Alhaji. Ita ta fara sana'ar da tiren kayan ciki tun Idi yana yawo ba wando, kuma har yau in ta shinshina cinyar sa za ta gaya maka jiya aka yanka ko shekaranjiya. Kullum a nan take wuni.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ne injiniyan? Hannunsa na mai ɓare goro ne."

Alhaji ya ce, "Yaya, ki bari mana."

Sannan ya zayyana min matsalar. Wani kamfani mai ciyar da ma'aikata a kudu yana so ya riƙa ɗaukar nama a wurinsa duk mako. Sharaɗinsu ɗaya: daga ofishinsu su iya ganin kamarar ɗakin sanyi da ma'aunin sanyin a duk lokacin da suka so. Ranar Alhamis za su gwada. Alhaji ya karɓi layi na musamman mai adireshi na kansa daga masu ba da intanet, amma har yanzu daga waje ba a ganin komai.

"Ita wannan," ya nuna Halima, "wai sai an kashe wani abu a ciki. Na'ura sabuwa a kashe! Ni mahauci ne, na san abin da aka kashe ba ya tashi. Na hana kowa taɓawa sai ka zo. Kuma na rantse, in Alhamis ta zo ba a gani ba, ta ajiye min makullaina in nemo wani."

Ya ciro wata takarda daga aljihu, mai ɗauke da kalmar sirrin na'urar, ya damƙa min. Halima ta sunkuyar da kai. Na gani, kuma na yi kamar ban gani ba.

Na tsaya gaban akwatin na goya hannu ina cewa "Hmm." Da na ga hmm ɗin ta yi yawa sai na ce a kira min masu layin. Alhaji ya buga, ya yi ihu da Larabci cewa ga injiniyansa daga Kano, ya manna min waya a kunne. Mutumin ya saki Faransanci kamar ruwan sama a kan kwano. Ni kuma ina ta "wi, wi". Amma a cikin ruwan nan na tsinci abu ɗaya da ya maimaita har sau uku: "Anlebe nat. Anlebe nat."

Na ce marsi, na kashe. Na ce, "Halima, anlebe fa?"

Ta ce, "Cirewa, Baba. Amma nat ɗin da yake nufi..."

Na ɗaga mata hannu. Na ce, "'Yata, bari manya su yi aiki."

A duk abin da na yi a tafiyar nan, wannan ɗaga hannun ne ya fi ci min rai.

Nat ai na san shi tun Fotokol. Na duba ƙarƙashin na'ura, ga tabarma shimfiɗe ɗauke da tsohuwa. Zuciyata ta yi fari. Na juya na yi wa jama'a bayani cewa tabarmar roba tana shanye sabis, shi ya sa hoto ba ya fita waje, kuma abokin aikina na waya ya tabbatar. Ma'aikata suka ce, "Allahu Akbar." Halima ta rufe baki da gefen lafaya, ban sani ba dariya ce ko kuka.

Alhaji ya tsuguna ya ce, "Yaya, don Allah ki ɗan tashi."

"In tashi in je ina?"

"Injiniya ya ce tabarmarki ce ke shan sabis."

"Tabarmata? Shekara nawa ina kanta ko ruwan shayi ba ta sha, sai sabis? Idi, da kuɗin mota ka ɗauko wannan ko tsintarsa ka yi a gada?"

Sai da aka yi kusan rabin sa'a ana lallashi. Daga ƙarshe mutum biyu suka ɗaga ta suka ɗora a kan farar kujerar roba kusa da tebur, ƙafafunta na lilo. Na naɗe tabarmar da hannuna na fitar da ita tsakar gida. Don cika aiki na sa aka kwashe har dardumomin salla. Na zare wayar wutar na'ura na mayar. Alhaji ya kira mutanen kudu, suka ce ba su ga komai ba. Na ce sai ta kwana, ragowar tabarmar ta fita daga iska. Daga baya na ji ɗaya daga cikin mahautan ya koma gida ya kwashe tabarmin matarsa kaf.

Talata da safe Alhaji ya tafi mayanka. Halima ta kawo min shayi ta zauna gefena, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, ba tabarma ba ce."

Ta karɓi takardar kalmar sirrin ta buɗe shafin na'urar a kwamfuta, ta mayar min da ita, ta nuna min haruffa uku: NAT. A gabansu ɗan akwati da alamar maki a ciki.

Ta ce, "Ka san damin na kasuwar shanu? Abin da ku kuke ce wa fatoma. Baƙo ya kawo shanu, amma da sunan damin ake ciniki. Mai saye damin ya sani, bai san baƙon ba. To haka wannan yake. Duk na'urorin gidan nan da sunan rauta suke fita. In wani daga waje ya zo neman kamara, rauta kawai zai tarar a ƙofa. Yanzu Baffa ya karɓi adireshi na fili, kowace na'ura za ta iya samun sunanta da kowa zai iya kira. Shi ne ake so damin ya koma gefe."

Wannan bayani na gane shi sarai, karo na farko a rayuwata da na gane wani abu game da waya.

Ta ce, "Amma ba a cirewa haka kawai. Adireshin kaɗan ne. Sai na ba kamara nata, na ba ma'aunin sanyi nasa. Sauran wayoyi da kwamfutoci ba su da sunan fita, sai na sa su bayan wani ƙaramin rauta ya zame musu damin. Sannan in gyara katangar tsaro, mutanen kudu kaɗai su iya leƙowa, in ba haka ba duk duniya za ta kalli namanmu. Zan je kasuwa in sayo ƙaramin. In Baffa ya dawo ka ce masa kai ka umarce ni. Ba wanda zai ji komai daga bakina. Don Allah kada a taɓa kafin in dawo."

Kun ji irin 'yar da na ɗaga wa hannu. Ta ba ni mafita a kan faranti.

Ta fita. Na zauna ni da ɗan akwatin nan muna kallon juna. Shaiɗan ya zo ya zauna a kafaɗata, kuma ban ga laifinsa sosai ba, don bai sha wahala ba. Ya ce, maki ɗaya ne fa, Sale. Ka cire shi da kanka, in yarinya ta dawo ta tarar an gama. Na waiwaya na ga Hajja a kujerarta ido a lumshe tana jan carbi. Na sa yatsa na cire makin, na danna wani koren wuri a ƙasa.

Fitilun na'ura suka ɗauke suka dawo. Ba a yi minti biyu ba na ji hayaniya a tsakar gida. Wayar kowa ta daina shiga intanet. Kwamfutar da ake karɓar odar otal-otal ta tsaya cak. Na ce bari in mayar da makin, sai shafin ya nemi kalmar sirri. Na buga, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Ban sani ba ashe a allon kwamfutar Faransa lamba ba ta fitowa sai ka danne wani maɓalli tare da ita. A karo na uku shafin ya yi ja ya kulle. Na tashi na koma bakin ƙofa na ciro carbina, kamar tun asuba a nan nake.

Alhaji da Halima kusan tare suka shigo, ita da kwali a hannu. Ya ga ma'aikata cirko-cirko, ya ga shafin na'ura a buɗe, ya ga kwalin. Bai tambayi kowa ba.

"Ban ce kada ki taɓa ba? Ban ce ba? Na ɗauko masani tun daga Kano, ke kin fi shi, ko? Jiya ya fara gyara, yau kin kashe min gida gaba ɗaya!"

Ya juye zuwa Larabci, inda na ga alama zagin ya fi yalwa. Halima ta kalli kwamfuta, ta kalle ni sau ɗaya tak. Ta ajiye kwalin, ta buɗe jakarta ta ciro makullan ofis ta ɗora a kan tebur.

Ni kuwa ina tsaye ina jan carbi. Wallahi da an bar ni, ina jin da na bari ta fita.

Sai muryar Hajja Kaltume ta fito daga kan kujera.

"Idi, rufe bakinka. Da ina kan tabarmata, ƙafafun tebur kawai nake gani. Tun da aka ɗora ni a nan kamar kaza a akurki, har saman tebur ina gani. Na ga yatsan da ya taɓa. Amma ba ni zan faɗa ba. Mai goro yana da baki."

Ni na sa aka ɗora ta a kujerar nan da bakina.

Na ce, "Idi, ni ne."

Ya ce, "Kai ne me?"

"Ni na taɓa. Ta ce kada in taɓa, na taɓa. Nat ɗin ma ba tabarma ba ce, wani abu ne a cikin na'ura, kuma tun farko ita ta san shi. Ni ba injiniya ba ne. Ranar nan a Fagge, injiniyan yana saman falwaya. Ni tsani nake riƙe masa."

Ya ce, "Tsani?"

Na ce, "Tsani."

"Shekara talatin ina gaya wa mutanen garin nan ina da aboki injiniya. Har ɗana na sa wa sunanka!"

Hajja ta ce, "Shi ya sa yaron bai iya komai ba."

Wani daga cikin mahauta ya fashe da dariya ya ruga waje. Alhaji bai yi dariya ba. Ya dubi makullan nan. Sannan ya ɗauke su, ya zare takardar sirri daga hannuna ba tare da ya dube ni ba, ya haɗa ya miƙa wa Halima da hannu biyu.

Ya ce, "'Yata, ki yafe wa Baffanki. Ki kashe duk abin da za ki kashe."

Hajja ta ce, "Ba abin da za a kashe sai an dawo min da tabarmata. Kuma wanda ya naɗe shi zai shimfiɗa."

Na fita na ɗauko. Na durƙusa da gwiwar nan tawa mai ciwo na shimfiɗa, ta sa na gyara kusurwa sau uku. Da ta zauna ta zuba shayi ta miƙo min kofi, ta ce, "Sha, Mushe."

Halima ta jira kullen ya buɗe ta fara aiki. Ta ba kamara adireshinta, ta ba ma'aunin sanyi nasa, ta haɗa ƙaramin rauta, wayoyin ma'aikata suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Saura jan waya daga ofis zuwa ɗakin sanyi ta saman bango. Aka kawo tsani. Ta ɗaure lafaya a ƙugu ta sa ƙafa a matakin farko, tsanin ya yi gefe. Mahautan nan ba wanda ya san yadda ake kafa shi.

Na ce, "Ku matsa."

Na ja gindinsa baya daidai gwargwado, na taka matakin ƙasa da ƙafa ɗaya, na riƙe gefe biyu. Ta hau har ƙarshe bai motsa ko kaɗan ba. Daga sama ta leƙo ta ce, "Baba, wallahi ka iya."

Na ce, "Shekara ashirin da biyu na yi ina wannan, 'yata. Ba wanda ya taɓa faɗowa a hannuna."

Ban taɓa faɗin wannan magana ga kowa ba sai ranar, kuma ita kaɗai ce fariyar da na taɓa yi wadda gaskiya ce.

Ranar Alhamis mutanen kudu suka kira suka ce suna ganin cinyoyin shanu a rataye har da tururin sanyi. Alhaji ya yanka rago. Sai da muka ci muka ƙoshi ya fara yi min magana, kuma abin da ya ce shi ne, "Mai Tsani, miƙo min yaji." Da zan taho Halima ta kai ni gada. Na ce ta yafe min, ta ce ta yafe tun a saman tsani. A Fotokol na tarar fankar jandarma ta sake mutuwa. Ya gan ni ya yi murna. Na sa wani fasinja ya fassara masa cewa ya nemi mai gyara.

To jama'ar majalisa, kun ji yadda Chadi take. Roƙona gare ku, kada wani ya maimaita abin da na yi. In aka laƙaba maka sunan da ba naka ba, ka mayar tun ranar, kafin ya kai ka ƙasar mutane. In mai sani ta buɗe baki, kada ka ɗaga mata hannu don ka girme ta. Kuma daga yau a daina kawo min wayoyi da rediyo. Wanda zai hau rufin ɗaki dai ya aiko a kira ni.